Rafin da ke Ƙarƙashin Titi

A Valparaíso, inda gidaje ke hawa kan juna
kamar awaki a jikin dutse,
mu biyu Baba ya haifa.
Eladio ya karanci aikin injiniya,
ni na karanci tarihi, da 'yar falsafa a gefe.

Ranar da na faɗa wa Baba
ya ajiye cokali a hankali.
Shekara talatin yana sauke kaya a tashar jiragen ruwa
har kafaɗarsa ta hagu ta karkace.
Ya ce, "Nélida, matattu ba sa biyan albashi."
Ya ci gaba da shan romon kifi.
Bai sake ta da maganar ba,
amma duk baƙon da ya shigo
hoton Eladio da hular kwano ake fara nuna masa.

Ban ga laifinsu ba.
Yayana ya san nauyin da ƙarfe ke ɗauka kafin ya lanƙwashe.
Shi ya biya kuɗin asibitin Mama.
Ni hannunta na riƙe, ina karanta mata
wasiƙun wata mata da ta rasu shekara ɗari baya,
har ta yi dariya, har tari ya sarƙe ta.
Wanne ne magani a ciki? Oho.
Kuɗinsa dai suka sayi iskar da ta yi dariyar da ita.

Sai shekarar da gobara ta lashe unguwarmu ta sama.
Aka ba Eladio aikin sake gini.
Ya auna, ya zana, ya haƙa rami,
rami ya cika da ruwa.
Ya haƙa wani, shi ma haka.
Cikin dare ya ƙwanƙwasa mini ƙofa,
takalma duk taɓo, ko zama bai yi ba.
"Ke da kike kwana cikin tsofaffin takardu,
me ke ƙarƙashin titin nan?"

Na san amsa.
Akwai taswira a akwati na sha bakwai,
gara ta ci gefenta,
da wani rafi a jikinta, siriri kamar jijiyar bayan hannu.
A bakinsa mata ke wanki.
Aka danne shi da duwatsu,
aka sa wa titin sunan wani janar, aka manta.
Ruwa bai manta ba.

Ya matsar da harsashin ginin taku arba'in gabas.
Gidajen suna nan tsaye, shuɗi da rawaya.
Da Baba ya ji, sai ya ce,
"Ashe karatun naki yana da rana."

Na yi murmushi, amma maganar ta tsaya mini a maƙogwaro
kamar ƙayar kifi.
Wato sai da ilimina ya zama shebur
aka ba shi kujera a falo?
Ba don ramin Eladio na haddace sunayen matan nan ba,
Eufemia, da Tránsito,
da wadda magatakarda ya rubuta "bazawara" kawai.
Na riƙe su ne don ba wanda ya riƙe.
Da rafin bai taso ba,
da har yau a banza nake?

Ban faɗa masa ba.
Ya tsufa, kunnensa ɗaya ma ya daina aiki.

Jiya ni da Eladio muka shiga kejin katakon nan
da igiyar ƙarfe ke ja zuwa kan tudu.
Ya kasa kunne ga kukan igiyar, ya ce mai take so.
Ni ina karanta sunayen da masoya suka sassaƙa a benci.
Muka sauka, ya saya mini biredi mai nama a ciki.
Yana tauna, bai ko dube ni ba, ya ce,
"Matar nan, bazawarar,
kina ganin za a iya gano sunanta?"

Na ce sai an yi watanni, kuma babu mai biya.
Ya ce, "Na sani.
Ranar Asabar ba na aiki."